Tufafin Cin Abincin Dare a Jiragen Ruwan Shaƙatawa

Kusan kowane babban jirgin ruwan shaƙatawa yana da ƙa'idar irin tufafin da fasinja zai sa kafin ya shiga ɗakin cin abinci da daddare. Waɗannan jirage su ne masu ɗaukar mutane yawon buɗe ido a teku na kwana uku, ko mako guda, ko ma wata da watanni, suna yada zango a tashoshi daban-daban, fasinja yana kwana a ciki, yana ci a ciki. Fiye da mutum miliyan 30 ne suka yi irin wannan tafiya a shekarar 2023, kuma jirgi guda kamar Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000. Da rana kowa yana yawo da abin da ya ga dama: gajeren wando, silifas, kayan ninƙaya a bakin tafkin wanka. Da zarar ƙarfe 6 na yamma ta yi kuwa, sai ƙa'ida ta sauya, kowa ya koma ɗaki ya sake shiri. Ƙa'idar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, daga dare zuwa dare, har ma daga wannan ɗakin cin abinci zuwa wancan a cikin jirgi ɗaya, shi ya sa take rikita wanda bai taɓa yin tafiyar ba.

Asalin al'adar

Al'adar ta samo tushe ne daga jiragen fasinja da suka riƙa ƙetare Tekun Atilantika tsakanin Turai da Amurka. A 1840 jirgin Britannia na Samuel Cunard ya tashi daga Liverpool zuwa Halifax da Boston ɗauke da wasiƙu da fasinjoji. Jiragen farko ƙanana ne, igiyar ruwa tana wujijjiga su, ba a cika damuwa da ado a cikinsu ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, da jirage suka yi girma, kamfanoni suka shiga gasar jawo attajirai, sannan aka mayar da ɗakin cin abinci na masu aji na ɗaya ya zama kamar na manyan otal-otal na Landan da Faris. Attajiran Ingila na wancan zamani sun saba da sauya tufafi kafin cin abincin dare ko da a gidajensu ne, sai suka hau jirgi da al'adarsu.

A jirage irin su Titanic, wanda ya nutse a 1912, an raba fasinjoji aji uku, kowane aji da ɗakin cin abincinsa. A aji na ɗaya ana busa begila don sanar da cewa lokacin shiri ya yi. Maza su sa baƙar kwat mai dogon bindi da farar shat mai sitaci da ƙaramin farin naktaye, mata su sa dogayen riguna da safar hannu da duwatsu masu daraja. Mace mai hali takan sauya kaya sau da yawa a yini, don haka ake shigo da manyan adakoki masu maratayi a ciki, wasu ma har da barorin da za su kula musu da tufafi. A aji na uku kuwa, inda masu ƙaura zuwa Amurka suke, babu wannan magana. Babban abincinsu ma da rana ake ba su, kowa ya ci da kayan da ke jikinsa. Tun daga farko dai tufafin dare alama ce ta matsayi, tana nuna wanda ya biya kuɗi mai yawa.

Faransawa ne suka kai abin ƙololuwa. Sun riƙa gina faffaɗar matattakala da ke sauka kai-tsaye cikin ɗakin cin abinci, yadda mace za ta sauko a hankali kowa yana kallon adonta. Ɗakin cin abinci na aji na ɗaya a jirgin Normandie, wanda ya fara aiki a 1935, tsawonsa ya kai mita 93, ya fi shahararren zauren madubai na fadar Versailles tsawo. A wannan tsakani ne kuma, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kwat mai bindi ta fara ja da baya, wata gajeruwar baƙar kwat mai ƙyallin siliki a wuya, wadda Amurkawa ke kira tuksido, ta maye gurbinta, ana haɗa ta da ƙaramin baƙin naktaye mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce har yau ake ɗauka a matsayin cikakkiyar shigar dare ta maza a tsarin Turawa.

Shi kansa yawon shaƙatawa a teku, wanda manufarsa hutu ce kawai, a hannun masu kuɗi ya fara. Albert Ballin, shugaban kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus, ya lura cewa fasinjojin Atilantika suna raguwa a lokacin hunturu, sai a 1891 ya tura jirgin Augusta Victoria yawo a Bahar Rum. A 1900 kamfanin ya ƙaddamar da Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka ƙera musamman don yawon shaƙatawa, kuma duk ɗakunansa na aji na ɗaya ne. Ta haka yawon teku ya gaji ɗabi'un aji na ɗaya baki ɗaya, har da adon dare. Afirka ta Yamma ma ta san irin waɗannan jirage masu aji-aji: jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi jigilar ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan kasuwa da ɗalibai tsakanin Ingila da Legas daga 1951 zuwa 1974, tafiyar kimanin mako biyu.

Yadda al'adar ta sassauta

A watan Oktoba na 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigilar fasinja a kan Atilantika, tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i. Cikin shekaru kaɗan kasuwar jiragen ruwan fasinja ta durƙushe. Waɗanda suka tsira sun koma yawon shaƙatawa, cibiyar sana'ar kuma ta koma birnin Miami na Amurka, inda ake tashi zuwa tsibiran Karebiyan masu zafi. A wannan zamani aka kafa kamfanin da ya zama Norwegian Cruise Line a 1966, da Royal Caribbean a 1968, da Carnival a 1972. Waɗannan kamfanoni ma'aikata da matsakaitan iyalai suka nufa, mutanen da ke da hutun mako guda kuma ba su da tuksido a gida. An soke rabon aji, kowa ya koma cin abinci a ɗaki ɗaya, adon kowane dare kuma ya ragu zuwa dare ɗaya ko biyu a mako, galibi daren da kyaftin ke yi wa fasinjoji maraba.

Babban sauyi ya zo a shekarar 2000, lokacin da Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin da ya kira Freestyle Cruising. Ya daina ɗaure fasinja da lokacin cin abinci guda da tebur guda, ya kuma bar adon dare ga wanda yake so. Sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali. Celebrity Cruises ya soke daren kwat da naktaye a 2015, ya maye gurbinsa da daren kwalliya mai sauƙi. Dalilai da dama ne suka haɗu. Shigar ofis kanta ta sassauta a Amurka da Turai, har mutane da yawa ba su mallaki kwat ba. Kamfanonin jiragen sama sun fara karɓar kuɗin kaya, alhali yawancin fasinjoji sai sun hau jirgin sama kafin su isa tashar jirgin ruwa, kuma akwatin da aka ƙayyade wa kilo 23 ba ya son kwat da takalman da za a sa sau ɗaya tak. Ga kuma iyalai masu ƙananan yara da matasa, waɗanda kamfanonin ke zawarci.

Matakan shiga guda uku

Ko da yake kowane kamfani yana da sunayen da yake laƙaba wa dararensa, shigar ta kasu mataki uku ne. Na farko shi ne shigar sauƙi, wadda ita ce ta yawancin darare a jiragen iyali. Namiji zai iya sa dogon wando, har da jins idan mai tsabta ne ba yagagge ba, da shat ko riga mai kwala. Mace za ta iya sa doguwar riga mara nauyi, ko riga da siket, ko riga da wando. A nan ne sababbin matafiya suka fi yin kuskure, domin suna ɗauka cewa sauƙi yana nufin duk abin da aka yini da shi. Yawancin kamfanoni sun hana shiga babban ɗakin cin abinci da kayan ninƙaya, da singileti ga maza, da gajeren wandon motsa jiki, da hular hana-salla, da ƙafa ba takalmi. Wasu sun haɗa da silifas na roba. Gajeren wando na kirki kuwa ana jayayya a kansa: wasu jiragen Karebiyan suna ƙyale shi a daren sauƙi, wasu ba sa yarda da shi ko kaɗan bayan faɗuwar rana.

Mataki na biyu shi ne shigar kamala, wato tsaka-tsaki tsakanin sauƙi da cikakken ado. Namiji yana sa wandon yadi da shat mai kwala da rufaffen takalmi, idan ya so ya ɗora kwat ba tare da naktaye ba. Mace tana sa rigar fita mai kyau, ko riga da wando masu tsari. Wannan ita ce shigar da ake bukata a gidajen abinci na musamman da ke cikin jirgi, waɗanda ake biyan kuɗi daban kafin a ci a cikinsu, kuma ita ce shigar kowane dare a wasu jirage masu tsada.

Mataki na uku shi ne cikakken ado. Namiji yana sa tuksido, ko kwat da wando masu duhun launi tare da naktaye. Mace tana sa doguwar rigar dare har ƙasa, ko rigar biki, ko riga da wando na alfarma. Yawan dararen ado ya danganta da tsawon tafiya. A kamfanin Carnival, alal misali, tafiyar da ba ta wuce kwana biyar ba tana da dare ɗaya, wadda ta kai kwana shida ko fiye kuma tana da biyu. Galibi ana sa daren ado ne a ranar da jirgi ya yini a teku bai tsaya ko'ina ba, ko ranar da ya bar tasha da wuri, don mutane su sami lokacin shiri. Ba a cika sa shi a daren farko ko na ƙarshe ba. Wannan tsohuwar al'ada ce tun zamanin adakoki, kuma dalilinta yana nan: a ranar farko ma'aikata ne ke kai akwatuna ɗakuna, wani nasa ba ya isowa sai dare, a daren ƙarshe kuma ana bukatar fasinja ya haɗa kayansa ya ajiye a bakin ƙofa don a sauke su da asuba.

Daren ado a jirgin Queen Mary 2

Wurin da tsohuwar al'adar ta fi zama da gindinta shi ne jiragen Cunard, musamman Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004 kuma yake ƙetare Atilantika tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai. A irin wannan tafiya akan yi daren ado biyu. Tun da daddare ake saka takardar shirye-shiryen gobe a ɗakin kowa, an rubuta shigar da ake bukata a samanta. Da la'asar wurin gyaran gashi ya cika, masu wanki da guga suna ta mayar da riguna ɗakuna a rataye. Kafin ƙarfe 6 masu ɗaukar hoto sun kafa fitilu da labulen bango a manyan hanyoyin jirgin. Daga nan sai mutane su fara fitowa bibbiyu, maza cikin baƙi da fari, mata cikin dogayen riguna, hafsoshin jirgi kuma cikin kayan sarki na biki. Babban ɗakin cin abincin, mai suna Britannia, hawa biyu ne da matattakala a tsakiya, irin tsarin jiragen da. Bayan an ci abinci masu sha'awa su wuce zauren rawa, inda makaɗa ke jiran su.

A Cunard ƙa'idar ta shafi yawancin wuraren taruwar jama'a tun daga ƙarfe 6 har dare ya raba, ba ɗakin cin abinci kaɗai ba. Amma an bar ƙofa ga wanda ba ya so: zai iya cin abinci a wurin ɗiba-da-kanka, ya zauna a wasu zauruka da aka ware, ko ya sa a kawo masa abinci ɗaki. Babu wanda ake bari da yunwa saboda tufafi.

Bambanci tsakanin kamfanoni

Mutum zai yi zaton cewa jirgin da ya fi tsada shi ne zai fi tsananta ƙa'ida, amma abin ba haka yake tafiya ba. Kamfanoni masu tsada irin su Viking da Oceania da Azamara ba su da daren ado ko ɗaya. Abin da suke nema shi ne shigar kamala kowane dare, babu naktaye, babu kuma kayan bakin ruwa. Cunard da P&O Cruises, waɗanda Turawan Ingila suka fi hawa, sun riƙe daren baƙin naktaye. Princess da Holland America suna tsakiya. Carnival da Royal Caribbean da MSC suna da daren ado, sai dai yawancin mutane shat da wando mai kyau suke sawa, mai tuksido ɗaiɗai ne. Virgin Voyages, wanda manya kaɗai yake ɗauka, bai shimfiɗa wata ƙa'idar ado ba. Jiragen kogi, irin waɗanda ke bin Rhine da Danube a Turai, da jiragen da ke zuwa yankunan ƙanƙara, su ma shigar sauƙi ce ta yi rinjaye a cikinsu, domin ɗakunansu ƙanana ne kuma fasinjoji a waje suke yini.

Abin lura shi ne cewa Cunard da P&O Cruises da Princess da Holland America da Carnival duk mallakar babban kamfani ɗaya ne, wato Carnival Corporation, wanda ya sayi Cunard a 1998. Mai gida ɗaya ne ke tsananta ƙa'ida a wannan jirgi yana sassauta ta a wancan. Wannan yana nuna cewa a yau ƙa'idar tufafi tana cikin hajar da ake sayarwa. Wani yana biyan kuɗi ne don ya sami daren da kowa ya yi ado, wani kuma yana biya don kada a dame shi da kwat a lokacin hutunsa, kowane kamfani yana neman nasa mutanen.

Wanda ke tsaron ƙofa

Shugaban ɗakin cin abinci da mataimakansa ne ke tsayawa a bakin ƙofa suna tarbar mutane, kuma su ne ke da ikon mayar da wanda shigarsa ba ta dace ba. Yadda abin yake gudana, idan mutum ya zo da singileti ko jiƙaƙƙen wando, ma'aikacin zai matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, ya roƙe shi ya je ya sauya, ko ya nuna masa wurin ɗiba-da-kanka. Ba a cin tara, ba a kuma tozarta mutum a gaban jama'a. Tsananin bin ƙa'idar ya bambanta ƙwarai. Ma'aikatan ba sa son rigima da fasinja, musamman da yake ana tambayar fasinjoji ra'ayinsu game da aikin ma'aikata a ƙarshen tafiya, don haka a manyan jiragen iyali sukan kau da kai daga ƙananan saɓani. Yara ma ana sassauta musu, muddin suna cikin tsabta. Kawar da kan nan kuwa ita ce ke jawo ƙorafin waɗanda suka ɗauki wahalar yin ado suka tarar da mai gajeren wando a teburinsu.

Kayan gargajiya da suturar addini

Ƙa'idojin an rubuta su ne da Bature a zuciya, shi ya sa suke maganar kwat da naktaye, amma ba su rufe ƙofa ga wasu al'adu ba. P&O Cruises, alal misali, ya ambaci kayan gargajiya na biki da kayan sarkin soja a cikin abin da yake karɓa a daren ado. A jiragen Ingila an saba ganin mutanen Sikotilan cikin zanensu na gargajiya, da matan Indiya cikin sari. A kan wannan ma'auni, babbar riga da 'yar ciki da wando da hula cikakken ado ne, ba sa bukatar a ɗora musu komai. Kaftani mai aiki da rufaffen takalmi ya wadatar a daren kamala. Ga mata, leshi ko shadda ko atamfa mai ɗinki na fita, da ɗankwali da mayafi, ko abaya mai ado, duk sun shiga cikin abin da ake nufi da rigar dare. Hanin da aka yi wa hula ya shafi hular wasanni ne da ta shan rana. Hular da ke cikin shigar gargajiya da lulluɓin addini ba su ne ake nufi ba, kuma wanda yake son kwanciyar hankali zai iya rubuta wa kamfanin ya tambaya tun kafin ranar tafiya.

Matafiya Musulmi sun ƙara samun zaɓi a 'yan shekarun nan. Jiragen shaƙatawa suna zirga-zirga a Tekun Fasha daga Dubai da Abu Dhabi da Doha a lokacin sanyi. Saudiyya ma ta ƙaddamar da nata kamfanin, Aroya Cruises, wanda jirginsa ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024 yana yawo a Bahar Maliya. Ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, akwai wuraren salla, kuma suturar da ta rufe jiki ita ce abin da ido ya saba gani a ɗakin cin abinci.

Dararen launi da na nishaɗi

Ban da matakan nan uku, akwai darare na musamman da ake zaɓar launi ko salo guda kowa ya bi, tamkar ankon biki. MSC da Azamara suna da daren fararen kaya. Virgin Voyages yana da daren jajayen kaya. Jiragen Disney suna da daren shigar 'yan fashin teku, wanda yara suka fi ɗoki. Cunard yana ɗora wa dararen adonsa jigo, kamar baƙi da fari, ko ja da ruwan zinari, ko rufe fuska da abin ado. A jiragen Kogin Nilu da ke tafiya tsakanin Luxor da Aswan a Masar, akan ware dare guda da baƙi ke sa jallabiya, 'yan kasuwa ma suna tallata ta a bakin kogi saboda wannan dare. Duk waɗannan ba dole ba ne. Wanda bai shiga ba babu mai hana shi cin abinci, sai dai zai fita daban a cikin taro, don haka yana da kyau a san jigon tun daga gida.

Shirya akwati

Matakin farko shi ne karanta ƙa'idar kamfanin da za a hau, domin ana sauya ta lokaci-lokaci, sannan a ƙirga dararen ado gwargwadon tsawon tafiyar. A tafiyar mako guda, kwat ɗaya mai duhu da shat biyu, ko babbar riga ɗaya da kaftani biyu ko uku, sun ishi namiji. Babu laifi a maimaita kaya, domin sa'o'i kaɗan ake yi da su a jiki. Yana da kyau a saka kayan daren farko a jakar hannu, saboda jinkirin isowar akwati.

Akwai abubuwan da suka keɓanta da zaman jirgi. An hana shigo da dutsen guga, domin gobara ce babbar barazana a teku, kuma ana ƙwace shi idan na'urar bincike ta gano shi a akwati. Ana iya biyan kuɗi a yi wa mutum guga, wasu jiragen kuma, kamar na Cunard da Princess, suna da ɗakin wanki da guga da fasinja zai yi da kansa. Mai shadda ya fi dacewa ya zo da ita a goge a ninke, idan kuma zai bayar ya bayyana cewa guga kawai yake so, domin wankin inji yana kashe mata ƙyalli. Ɗakunan cin abinci suna da sanyin na'ura ko da a yankuna masu zafi, don haka mayafi ko 'yar rigar sama tana da amfani. Takalmi mai tsini sosai yana wahalar da mace idan teku ta motsa, ga kuma doguwar tafiya daga ɗaki zuwa wurin cin abinci a jirgin da tsawonsa ya wuce mita 300. A saman jirgi kuma iska tana da ƙarfi, tana iya ɗauke hula ko gyalen da ba a riƙe da kyau ba.

Dalilin ɗorewar ƙa'idar

Ra'ayin matafiya ya rabu biyu. Masu son a soke ƙa'idar suna cewa sun biya kuɗinsu don su huta, kuma tufafin wani ba ya sauya ɗanɗanon abincin wani. Masu son a riƙe ta suna cewa daren ado abu ne da jama'a ke haɗuwa su yi tare, idan rabin ɗaki ya ƙi, ya lalace wa kowa. Kamfanoni ma suna da nasu lissafin, domin a daren ado ne aka fi sayen hotuna da zuwa gyaran gashi da kashe kuɗi a shagunan cikin jirgi, abin da ya sa da yawansu suka gwammace su sassauta shi maimakon su soke shi.

A wajen manyan jirage an warware yawancin saɓanin ta hanyar yawaita wuraren cin abinci, yadda kowane dare akwai wurin mai ado da wurin mai shigar sauƙi. Abin da ya rage na ƙa'idar ya daina zama shingen raba mai kuɗi da talaka kamar a zamanin aji-aji, tunda duk wanda ya hau jirgi yana da damar shiga babban ɗakin. Ya koma yarjejeniya tsakanin baƙin da za su zauna tebur ɗaya na kwanaki, da ma'aikatan da ke yi musu hidima cikin nasu kayan aiki masu tsabta. Matafiyin da ya zaɓi jirgin da tsarinsa ya dace da halinsa, ya karanta takardar shirye-shiryen kowace rana, ya kuma tanadi shiga ɗaya ta ado da biyu ko uku na kamala, zai iya cin abinci a jirgin ba tare da an dakatar da shi a ƙofa saboda tufafi ba.